Gini da lissafi a cikin Littafi Mai Tsarki: tsokaci a kan yadda ake karanta su da hausa

0. Gabatarwa

Littafi Mai Tsarki na Kirista cike yake da zancen gini, tun daga hasumiyar Babila a cikin littafin Farawa har zuwa sabuwar Urushalima da aka auna ganuwarta a ƙarshen Wahayin Yahaya. Daga cikin waɗannan nassoshi akwai ƴan kaɗan da suke dawowa a bakin masu wa'azi duk lokacin da wata ikilisiya ta ƙudura wani aiki, ko ginin majami'a ne, ko makaranta, ko ɗakin shan magani. Su ne misalin mutumin da ya so gina pyrgos (Luka 14), misalin magina biyu (Matiyu 7 da Luka 6), labarin Nehemiya, da ginin Haikalin Sulemanu. Karatun da ya yaɗu yana ɗaukar su tamkar darussa ga mai tafiyar da wani tsarin aiki (projet): ka tsara, ka lissafa, ka tara kuɗi, ka gama a kan lokaci. Littattafai masu yawa a kan shugabanci, galibinsu daga Amurka, sun mai da Nehemiya uban masu wannan sana'a.

Manufar wannan ɗan aiki ita ce mu auna karatun nan da ma'aunin harshe. Tambayoyinmu biyu ne: mene ne kalmomin nassi suke faɗi a girkanci da ibrananci, kuma mene ne kunnen Bahaushen Nijar yake ji idan aka juya su da hausa? Hukuncin tauhidi mun bar wa masu shi.

Ya kamata a tuna cewa fassarar Littafi Mai Tsarki da hausa ta daɗe. J. F. Schön ya fitar da Matiyu a 1857 da Sabon Alkawari a 1880; cikakken littafin ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma a 1979. Waɗannan biyu na ƙarshe a Najeriya aka yi su. Su ne kuma ikilisiyoyin Nijar suka yi ta karantawa, waɗanda da yawansu suka samo asali daga aikin mishan ɗin SIM da ya soma a Damagaram a 1924, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Ke nan mai sauraro a Tsibiri ko a Madawa yana jin nassin ne ta karin harshen da ba nasa ba sosai, bisa ƙasar da ginin ta da ruwan ta suka sha bamban da na Falasɗinu.

1. Kalmomin gini

1.1. Aikatau gina

Girkanci yana da aikatau ɗaya na tayar da gini (oikodomeo) da wani dabam na tonon ƙasa (skapto). Faransanci ma haka: bâtir da creuser. Hausa kuwa tana iya haɗa su a baki ɗaya:

(1) Sun gina ɗaki kafin damina.
(2) Sun gina rijiya a bakin gari.

Ma'ana ta biyu tana da ƙarfi a karin harshen yamma, inda gina yakan tsaya a wurin da Bakano zai ce haƙa, kuma karin magana ya adana ta ga kowa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan tagwaitakar ma'ana (polysémie) tana da dalili a cikin sana'ar kanta, domin maginin ƙasa sai ya tona kududdufi kafin ya sami abin da zai tayar da bango.

Amfanin wannan yana fitowa a Luka 6:48. A can, abin da ya raba magina biyu shi ne ɗaya ya tona, ya zurfafa, har ya kai ga dutse kafin ya aza harsashi, ɗayan kuma ya ɗora gidansa bisa fuskar ƙasa. Luka ya jera aikatau biyu domin ya nuna wahalar aikin da ido ba ya gani. Mai karatu da faransanci sai an yi masa bayani kafin ya gane cewa tono ɓangare ne na gini. Ga Bamaraɗe kalmar da kanta ta riga ta faɗa.

Tsarin gireden aikatau, kamar yadda F. W. Parsons ya zayyana shi a 1960, yana ba da wata dama. Daga gina muna samun gine (ya gine filin, wato bai bar komai ba), gino, da ginu. Ayar nan ta Luka, bisa ga tsofaffin kwafe-kwafen da masana suka fi dogara da su, ta ƙare da cewa ruwa bai iya girgiza gidan ba saboda an yi ginin da kyau. Girkanci ya buƙaci aikatau da bayanau. Hausa tana da kalma guda:

(3) Gidan ya ginu.

Giredi na bakwai yana nuna aikin da ya cika, ya kai inda ake so. Mai fassara da ya yi amfani da shi ya ba nassin haƙƙinsa ba tare da ƙari ba.

1.2. Pyrgos: hasumiya, soro ko bene?

A nan kuma hausa ce take da wuya. Kalmar pyrgos a Luka 14:28 ita ce wadda Markus 12:1 da Matiyu 21:33 suka yi amfani da ita ga ginin da mai gonar inabi yake tayarwa a cikin gonarsa domin gadi da ajiya, kwatancin da ya samo asali daga Ishaya 5. Masu sharhi da yawa suna ganin irin wannan ginin manomi ake nufi a Luka.

Ko wace kalmar hausa aka zaɓa tana janyo hankali wani wuri. Hasumiya tana kai tunani ga masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ko ga Gobarau ta Katsina, wato aikin sarki da jama'a baki ɗaya; tana kuma tuno da Babila, inda ginin ya tsaya don girman kai. Soro ya fi kusa da gidan mai hali, amma a wasu wurare zaure yake nufi, a wasu kuma ɗaki mai rufin ƙasa. Bene kuwa gidan attajiri ne a birni. Yesu ya buɗe misalin da tambayar da take nufin kowane mutum a cikin taron. Idan kalmar ta ɗaga ginin sama da ƙarfin talaka, tambayar ta daina shafarsa. A ganinmu gara a faɗi abin a sarari, a ce ɗakin gadi mai tsawo a gona, da a zaɓi kalma mai kwarjini da za ta mai da mai sauraro ɗan kallo.

2. Lissafin Luka 14

Misalin gajere ne. Wanda yake son gini yakan fara zama ya lissafa abin da zai kashe, don kada ya aza harsashi ya kasa ƙarasawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Aikatau ɗin lissafi, psephizo, ya fito daga psephos, wato tsakuwa, domin da tsakuwa ake ƙirga a da. Ita ce hanyar da latinanci calculus ya bi ya ba faransanci calcul. Har nan babu saɓani da karatun da aka saba: nassin yana yabon mai tunani kafin aiki, kamar yadda Hausawa suke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar tana ga inda ake yanke karatun. Misalin yana tsakiyar wani jawabi da ya tashi daga aya ta 25 zuwa ta 33. Taro mai yawa yana bin Yesu, sai ya juya ya gaya musu sharuɗɗan zama almajirinsa. Bayan maginin akwai misali na biyu, na sarki mai mayaƙa 10 000 da zai tari mai 20 000. Sa'an nan aya ta 33 ta kawo sakamako: wanda bai rabu da dukan abin da ya mallaka ba, ba zai iya zama almajiri ba. Aikatau ɗin da aka yi amfani da shi, apotassomai, shi ne na yin ban kwana, kamar yadda ya zo a Luka 9:61. Wato lissafin da ake buƙata yana ƙarewa da jimla guda, wadda ita ce duk abin da ke hannun mutum. Wanda ya tsaya a aya ta 30 don ya koyar da yadda ake tara kuɗin gini ya ɗauki kwatancin ya yar da abin da aka kwatanta.

Hausa tana da abin da zai taimaka a gyara wannan. Kalmar almajiri, wadda fassarorin hausa suke kiran mabiyan Yesu da ita, daga larabci al-muhajir take, wato wanda ya bar gida ya tafi. Girkanci mathetes mai koyo kawai yake nufi. A wannan jawabi, inda ake zancen barin dangi da dukiya, kalmar hausa ta fi ta asali kusa da abin da ake faɗi.

Akwai kuma batun ba'a. Aikatau empaizo, wanda ya bayyana dariyar masu kallon ginin da ya tsaya, shi ne Luka ya sake amfani da shi ga masu tsaron Yesu (22:63), ga Hirudus da sojojinsa (23:11), da ga sojojin da ke wurin gicciye (23:36). Mai karatun girkanci yana jin amsa-amon. Idan mai fassara ya sa dariya a babi na 14, ya sa ba'a a babi na 22, ya sa izgili a na 23, ya tsinke zaren da marubucin ya saƙa. Kalma ɗaya ta kamata a riƙe a wuraren duka.

Abu na ƙarshe ya shafi al'ada. Ƙarfin misalin yana ga kunyar ginin da ba a gama ba. To amma a Yamai ko Maraɗi katangar siminti da ta tsaya a kan taga shekara biyar ba abin dariya ba ce, ajiya ce. Ma'aikaci yakan sayi buhu biyu na siminti duk wata, ya buga bulo, ya jira. Bayan karyewar darajar kuɗin CFA a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga CFA 50 zuwa 100, kayan da ake shigowa da su kamar ƙarfe da kwano sun yi tsada, kuma wanda ya yi lissafinsa daidai a Disamba ya wayi gari da rabin ƙarfinsa. Ba wanda ya zarge shi da rashin tunani. Inda misalin yake kama mai sauraro sosai shi ne ginin ƙasa: wanda ya tayar da bango da rani bai tanadi azara da abin rufi ba, damina za ta narkar da aikinsa a gaban idon maƙwabta. Mai wa'azi da ya san wannan zai kai kwatancin ga tubali, ya bar siminti.

3. Yashi da dutse

A Matiyu 7:24-27 mai hikima ya yi gini bisa dutse, wawa kuma bisa yashi. Ruwa ya sauko, koguna suka taso, iska ta buga. Masu sharhi sukan fahimci yashin a matsayin na cikin kwarin da yake bushewa da bazara, ya cika da ruwa farat ɗaya idan damunar Falasɗinu ta zo a lokacin sanyi. Nijar ta san irin wannan kwari sarai.

Sai dai a ƙasar jigawa ma'anar tana iya juyewa. Tsohon birnin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta ci shi, aka mai da garin bisa tudu. Tudun nan da ya tsirar da mutane ƙasar rairayi ce, kwarin da ya cuce su kuma laka ce. Ga Bamaraɗe, ke nan, gini bisa rairayi shi ne abin da kakansa ya yi don hankali. Ita kuma kalmar yashi a yau ta fi tuno da abin da ake saye a mota don a kwaɓa da siminti. Ko wace aka ɗauka, sai an ƙara da cewa yashin kwari ne, hanyar ruwa, in ba haka ba wautar maginin ba za ta bayyana ba. Siffar da Luka ya ba misalin, wadda ta dogara da tono da harsashi, ta fi sauƙin shiga hausa.

Nassin ya faɗi abin da yake nufi tun a farkonsa: maginin kirki shi ne wanda ya ji maganar ya aikata, ɗayan ya ji bai aikata ba. Duk da haka akan ji an miƙa shi zuwa ga gidaje na zahiri, har ya zama kamar wanda gidansa ya faɗi shi ya jawo wa kansa. A damunar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Talakan da ya yi ɗaki a hanyar ruwa ya san hatsarin. Filin da kuɗinsa ya kai ke nan. Luka da kansa ya toshe ƙofar irin wannan zargi. A 13:4 Yesu ya ambaci mutum 18 da ginin Siluwam ya faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Kalmar ginin a can ita ce pyrgos, wadda za a sake ji a babi na gaba. Wannan ma dalili ne na riƙe kalma ɗaya a fassara.

4. Nehemiya da Sulemanu: wa ya ɗauki kayan?

4.1. Nehemiya

Ba a musun cewa littafin Nehemiya yana nuna mutum mai tsari. A shekara ta 20 ta sarautar Artashate na Farisa, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu, ya nemi izini, ya faɗi lokacin da zai dawo, ya karɓi takardu zuwa ga gwamnonin hanya da wata zuwa ga mai kula da dajin sarki don katako. Da ya isa Urushalima ya kwana uku, ya zaga garun da dare kafin ya gaya wa kowa nufinsa. Aikin ya ƙare cikin kwana 52. Babi na 3 ya lissafa waɗanda suka yi shi yanki-yanki: firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, ƴan kasuwa, har da ƴaƴa mata na wani hakimi, ya kuma rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu. Bahaushe da ya karanta wannan babi gayya zai gani. Bayan ƙone-ƙonen majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, ba abin mamaki ba ne littafin da ke zancen sake tayar da abin da wuta ta ci ya yi wa Kiristan Nijar ma'ana ta musamman.

Abin da karatun masu tsarin aiki yake tsallakewa shi ne babi na 5, wanda marubucin ya dasa a tsakiyar labarin ginin. Ana cikin aiki sai talakawa da matansu suka ɗaga murya. Wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don hatsi saboda yunwa, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, abin da muke kira lanho, wasu har ƴaƴansu sun shiga bauta a hannun ƴan'uwansu. Nehemiya ya tara jama'a, ya tsawata wa manya, ya amsa cewa shi ma yana cikin masu ba da rance, ya sa aka mayar da gonakin. Ya kuma ce shekara 12 bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, saboda nauyin da ke kan mutane. Bisa tsarin littafin, garun bai kammala ba (babi na 6) sai bayan an warware rikicin bashi. Wanda ya kafa hujja da Nehemiya don ya aza wa mabiya kuɗin gini a shekarar da gero bai yi ba, ya karanta babi huɗu ya rufe littafin kafin na biyar.

4.2. Sulemanu

Ma'aunin Haikalin yana shiga hausa ba tare da wahala ba, domin ibrananci ammah shi ne kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa: tsawo kamu 60, faɗi 20, tsayi 30, wato wajen mita 27 da 9 da 13 da rabi. Inda ake buƙatar kulawa shi ne kalmar mas a 1 Sarakuna 5. Sulemanu ya ɗebi mutum 30 000 daga Isra'ila, yana aika 10 000 kowane wata zuwa Lebanon, wata ɗaya can, wata biyu gida. Ban da masu dako 70 000, masu fasa dutse 80 000 da shugabannin aiki 3 300. Kalmar mas ita ce littafin Fitowa ya yi amfani da ita ga wahalar da Masarawa suka ɗora wa Isra'ilawa. Ma'anarta aikin tilas, kuma a ƙasar da ta sha irin wannan aiki a zamanin mulkin mallaka, har dokar Houphouët-Boigny ta Afrilu 1946 ta soke shi, kalmar ba ta buƙatar sharhi. Duk fassarar da ta tausasa ta zuwa ma'aikata ko gayya ta ɓoye abin da marubucin ya bayyana.

Marubucin yana sukar sarkin da lambobi. Ayar ƙarshe ta babi na 6 ta ce Haikali ya ɗauki shekara 7. Ayar farko ta babi na 7 ta ce gidan sarki ya ɗauki 13. Ya jera su bai ƙara komai ba. Sakamakon ya zo a babi na 12, inda jama'a suka roƙi Rehobowam ya rage musu nauyin da ubansa ya ɗora, ya ƙi, aka jejjefe shugaban aikin tilas har ya mutu, mulkin ya rabu biyu. Ta fuskar tsari aikin Sulemanu ya yi nasara a kan lokaci. Littafin kuma ya bi kuɗin da aka biya har zuwa tsara ta gaba.

5. Zan gina, nâ gina

Akwai nassoshi biyu da ba a cika karanta su a ranar neman taimakon gini ba, alhali su ma zancen shiri suke yi. A Luka 12:16-21 gonar wani mai arziki ta yi albarka, ya zauna ya yi tunani, kamar yadda babi na 14 ya ce a yi. Shawararsa ita ce ya rushe rumbunansa ya gina manya. Jawabinsa jerin aikatau ne na lokaci mai zuwa, duk a bakin mutum na farko tilo, kuma kusan kowane suna yana ɗauke da mallaka: amfanina, rumbunana, raina. A daren aka karɓi ransa. A Yakubu 4:13-15 kuma fatake ne suke tsara tafiya wani gari, su yi shekara, su yi ciniki, su ci riba, kalaman da ba za su zama baƙi a tashar motar Maraɗi ba. Marubucin ya tuna musu cewa ba su san gobe ba, ya ce su rataya zancensu ga yardar Ubangiji.

Girkanci yana da siga ɗaya ta lokaci mai zuwa a wuraren nan. Hausa tana da biyu:

(4) Baɗi zan gina rumbu.
(5) In Allah ya kai mu, mâ gina rumbu.

Siga ta farko, mai za, tana ɗauke da niyya da tabbaci. Ta biyu (nâ, kâ, yâ, mâ, da sauransu) ta fi sassauci, tana kuma son zama bayan sharaɗi. Mai rumbuna da siga ta farko ya kamata ya yi magana daga farko har ƙarshe. Maganar da Yakubu ya ba da shawarar a yi kuma ta dace da ta biyu. Ta haka nahawun hausa yake iya nuna bambancin da girkanci ya bar wa mahallin zance. Sai dai akwai cikas a rubutu: tun da ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, ya gina yana iya zama shuɗaɗɗen lokaci, ko umurtau, ko wannan siga ta biyu. Mai karatu a gaban jama'a yakan zaɓi wadda ta fara zuwa bakinsa. A irin waɗannan ayoyi alamar hula bisa wasali ta cancanci a sa ta.

Wani cikas ɗin ya fi wannan zurfi. Abin da Yakubu ya nema, Bahaushe, Musulmi ko Kirista, yana faɗinsa sau da yawa a yini: in Allah ya so, in Allah ya yarda, in da rai da lafiya. Karin magana ma ya ce kana taka Allah na tasa, ma'anar da take kusa da ta Karin Magana 16:9. Yawan amfani ya sa kalaman sun zama gaisuwa, wani lokaci ma hanyar ƙin abu cikin ladabi. Mai sauraro zai iya jin ayar ya ɗauka ya riga ya cika ta. Aya ta 16 ce take nuna cewa abin da ake suka shi ne fahariya, kuma mai fahariya yana iya cewa in Allah ya so ba tare da ya rage komai daga fahariyarsa ba.

6. Kammalawa

Mun ga wurare uku da hausa take ƙara wa nassi haske: gina mai haɗa tono da tayarwa tare da ginu, almajiri mai ɗauke da barin gida, da sigogi biyu na lokaci mai zuwa. Mun ga uku da take iya karkatar da shi: sunan pyrgos, yashin da a nan ba koyaushe yake nufin hatsari ba, da kalaman sharaɗi da baki ya saba da su. Ga masu sabunta fassara muna ba da shawara su riƙe kalma ɗaya ga empaizo da ga pyrgos a cikin Luka, su kira mas da sunansa, su kuma gwada ayoyin a kunnen masu karin harshen yamma kafin bugawa.

Dangance da karatun da ya mai da waɗannan nassoshi jagorar tsarin aiki, hukuncinmu shi ne yana da gaskiya a rabi. Littafin yana girmama mai zama ya lissafa, kuma Bulus bai ji kunyar kiran kansa architekton ba a 1 Korantiyawa 3:10, muƙamin da Hausawa za su ce sarkin magina ko babban gwani. Amma a kowane wuri da muka duba, marubucin ya ajiye wata tambaya kusa da lissafin: me mai ginin zai rabu da shi, wa ya ɗauki kayan, bashin wa aka yafe, kuma ran mai shirin a hannun wa yake. Zabura 127, wadda kanunta ya danganta ta ga Sulemanu, ta ce wahalar magina banza ce idan Ubangiji ba ya cikin ginin. Kwamitin da zai karanta Luka 14:28 a taron gini ya kamata ya ci gaba har aya ta 33, ya kuma buɗe Nehemiya 5 kafin ya yanke abin da kowane gida zai bayar.